Labarai uku na karanta barci ya ƙaurace mini: in ci gaba ko in ajiye littafin?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata ƙawata ce ta ara mini tarin gajerun labarai na wata marubuciya 'yar Ajantina, Mariana Enriquez, mai suna Things We Lost in the Fire, fassarar Turanci. Na karanta ukun farko. Rubutun ya riƙe ni ƙwarai, amma raina ya ɓaci: ga kisan yaro, ga 'yan ƙwaya, kuma kowane labari sai ya tsaya cak ba a faɗi yadda aka ƙare ba. Na nemi darasi na rasa. Ni ce ban gane ba, ko littafin ne ba shi da amfani? In ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin gane sarai. Wannan da kika ji, rubutu ya riƙe ki amma zuciya ta ƙi kwanciya, shi ne abin da aka gina littafin ya haifar. Shawarata ki ci gaba, bisa sharuɗɗa biyu da zan zo kansu. Sai dai dole mu fara da ƙasar da labaran suka tsiro, domin wanda bai san abin da ya faru a Ajantina ba zai ɗauka matar nan tsoratar da mutane kawai take yi.

An haifi Mariana Enriquez a 1973, ta tashi a Lanús, kudu da birnin Buenos Aires, gefen kogin Riachuelo. Ba ta cika shekara uku ba sojoji ƙarƙashin Janar Jorge Videla suka yi juyin mulki ranar 24 ga Maris 1976, ba su sauka ba sai Disamba 1983. Ke nan kusan duk ƙuruciyarta har ta kai shekara goma a ƙarƙashinsu ta yi. Salon zaluncinsu shi ne ɓatar da mutum. A zo da dare cikin mota ƙirar Ford Falcon, a ɗauke ɗalibi ko ɗan ƙwadago ko malamin makaranta, gari ya waye uwarsa ta je ofishin 'yan sanda a ce ba a san zancen ba, ta je barikin soja a ce ba a san zancen ba, ta je kotu takarda ta kwanta. Hukumar binciken da marubuci Ernesto Sabato ya shugabanta ta fitar da rahoto a 1984 ɗauke da sunayen mutum kusan 9,000 da wuraren tsare mutane na ɓoye kimanin 340. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna cewa adadin ya kai 30,000. Wasu allurar barci aka yi musu, aka ɗora su a jirgin sama, aka jefa su ruwa da ransu. Mafi shahara cikin wuraren azabtarwar makarantar sojan ruwa ce, ESMA, a kan babban titi cikin birni, mutane suna wucewa ta gabanta kullum za su wurin aiki. Tun daga Afrilu 1977 iyaye mata suka fara taruwa a dandalin Plaza de Mayo, daga baya suka ɗaura farin kallabi, suna kewayawa kowace Alhamis, tambayarsu guda: ina 'ya'yanmu?

To ki dubi wannan da idon Bahaushiya. A wurinmu mutuwa tana da tsari: wanka, likkafani, sallah, kabari, zaman makoki, addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, matar mamaci ta shiga takaba ta fita. Duk zafin rashi, akwai ranar da aka ce an rufe. Wanda ya ɓata fa? Ba gawa, ba kabari, ba ranar da za a ce a yi haƙuri. Malaman fiƙihu sun san nauyin wannan, shi ya sa a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓata takan kai ƙara ga alƙali, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi idda. Kuma ba labarin nesa ba ne gare mu. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta ce mutum kusan 22,000 ne aka yi mata rajistar ɓatansu a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a littafinta, mafi yawa sanadin rikicin arewa maso gabas. Uwar da ke Maiduguri tana jiran ɗan da ya fita tun 2014 ba ta da ƙarshen labari. Marubuciyar da ta tashi cikin al'ummar da dubban gidaje ke irin wannan jira, in ta ɗaure kowane labari tsaf ta kawo wanda ya yi laifi ta hukunta shi, ta yi wa mutanenta ƙarya. Tsayawar da labaran ke yi cak, wadda ta ɓata miki rai, ita ce gaskiyar da ta fi kowace girma a littafin.

Labari na biyu ya nuna haka ƙarara. 'Yan mata biyu a garin Sanagasta da ke lardin La Rioja sun lallaɓa da dare cikin wani masaukin baƙi don su cusa nama cikin katifu ya ruɓe, ramuwar gayya saboda mai masaukin ta kori uban ɗayarsu daga aiki. Me ya yi aka kore shi? Ya faɗa wa masu yawon buɗe ido cewa ginin makarantar 'yan sanda ne a zamanin mulkin soja. Suna ciki sai ga ƙarar motoci, ga hasken fitilu, ga takun takalman maza, ga dukan tagogi. Suka yi ihu, aka zo, ba wanda ya ji komai sai su. Ki lura marubuciyar ba ta nuna fatalwa da farin mayafi ba, ba ta kuma zauna ta ba ki tarihin wanda aka azabtar a ɗakin ba. Yaran an haife su bayan abin ya wuce, ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu, wanda ya yi ƙoƙarin faɗa ya rasa abincinsa. Abin da manya suka binne shi ne ya zo ya buga wa yara taga. In kin tambaye ni yadda aka ƙare, sai in ce ba a ƙare ba, don garin bai yarda a yi maganar ba tukuna.

Na farkon kuwa, wanda na san shi ya hana ki barci, ya fi buƙatar a tsaya a kansa. Mai ba da labarin mace ce mai aikin yi, 'yar gidan rufin asiri, ta zaɓi zama a tsohon gidan kakanninta a unguwar Constitución, wadda a da ta masu kuɗi ce, yanzu ta koma ta talauci da ƙwaya. Tana alfahari da cewa ta san unguwar, ta san titin da ake bi da wanda ba a bi. A ƙetaren titi wata mai ciki 'yar ƙwaya tana kwana a waje da ɗanta mai kimanin shekara biyar. Wani dare yaron ya buga mata ƙofa, uwarsa ba ta dawo ba. Ta ba shi abinci, ta kai shi shan askirim, suka dawo uwar ta tare ta da zagi da barazana. Kashegari ba uwa ba ɗa. Bayan kwanaki aka tsinci gawar yaro an sare kansa a wani wurin ajiye motoci. Ta tabbatar wa kanta shi ne. Ashe ba shi ba ne, wani yaro ne daban da iyayensa ke nema. Daga baya ta haɗu da uwar, ba ciki ba yaro, uwar ta ce ta bayar da su.

Mai karatu na farko yakan tsaya a kan sare kai da zancen tsafi. Kuma tsafin yana da tushe a ƙasar: Gauchito Gil, mutumin da jama'a suka mayar tamkar waliyyi ake kafa masa jajayen ɗakunan addu'a a bakin hanya, da San La Muerte mai siffar ƙwarangwal, talakawan arewa maso gabashin Ajantina suna kai musu buƙata, ko da yake cocin Katolika bai amince da su ba. Amma ki koma ki sake duba inda nauyin labarin yake. Har aka gama ba mu ji sunan yaron ba. Yaron da aka kashe yana da suna, yana da uwar da ta fito a talabijin tana kuka, ƙasa ta girgiza dominsa. Wanda ya ɓata ba wanda ya kai rahotonsa, don ba wanda ya taɓa rubuta shi a ko'ina. Ita kuma mai ba da labarin, wadda ta ɗauki kanta mai tausayi, ta ga ƙazantarsa ta ji ƙyama, ta ciyar da shi dare ɗaya, ta mayar da shi titi, ta kulle ƙofarta. Marubuciyar ta sa ki zauna cikin kan wannan matar tun daga layin farko, kina ganin komai da idonta, kina yarda da uzurinta, har sai da ya zama ba ki iya raba kanki da ita. Duk wanda ya taɓa miƙa wa yaro ragowar tuwo a ƙofar gida, ya rufe ƙyaure bai tambayi sunansa ba, ya san wannan ɗacin. Ina zaton shi ne ya hana ki barci, fiye da jinin.

Na ukun ba sai na daɗe a kansa ba. 'Yan mata uku ne daga 1989 zuwa 1994, an raba labarin shekara-shekara. A 1989 hauhawar farashi a Ajantina ta haura kashi 3,000 cikin ɗari, ana ɗauke wuta bi da bi, Shugaba Raúl Alfonsín ya miƙa mulki ga Carlos Menem wata biyar kafin wa'adinsa ya cika. Iyaye sun shagala da neman abin kaiwa baki, yara suka tashi ba mai kallonsu. Shaye-shayen da kika gani 'ya'yan wannan sakaci ne.

Yanzu batun darasi, wanda shi ne zuciyar tambayarki. Ba laifinki ba ne da kika nema. Haka aka rene mu. Tatsuniya takan fara da ga ta nan ga ta nanku, ta ƙare da ƙurunƙus, kuma tsakaninsu duk abin da Dodo ya haɗiye sai an farke cikinsa ya fito, marainiyar da kishiyar uwa ta azabtar sai ta auri ɗan sarki, 'yar so ta dawo da kuturta. Ki lura tatsuniyoyinmu ba su rasa duhu ba ko kaɗan, akwai yanka, akwai cin mutum, akwai uwar da ta yar da ɗanta. Abin da suke da shi shi ne alƙawarin cewa kafin a tashi za a biya kowa haƙƙinsa. Littattafan Hausa da suka cika kasuwa tun shekarun 1980 sun gaji wannan alƙawari: azzalumi ya yi nadama ko ya wulaƙanta, mai haƙuri ta dafa dutse, wani lokaci ma marubuciya ta faɗi darasin da bakinta a shafin ƙarshe. Wannan hanya ce mai daraja, ban raina ta ba. Amma ba ita kaɗai ce hanyar da labari ke gyara mutum ba. Akwai labarin da ke ba ki hukunci a shirye, ki karɓa ki rufe littafi hankali kwance. Akwai kuma wanda ke ajiye miki shari'ar a hannu ya tafi, ke ce alƙali, ke ce kuma wadda ake tuhuma. Na biyun ya fi wuya a manta da shi. Marubutanmu ma sun fara bin wannan hanya: labarin da ya fara lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016 a kan rayuwar sansanin 'yan gudun hijira yake, kuma ba wurin da aka yi wa daɗin baki ba ne.

Sai dai kada ki ɗauka ina cewa duk labari mai duhu yana da daraja. Da yawa shara ne, jini don jini kawai. Abin da nake koya wa ɗalibaina su tambaya shi ne: wahalar nan da aka nuna, hannun wa ya jawo ta? In marubuci ya bar ta a matsayin aikin aljanu ko ƙaddara tsagwaro, ba ɗan sanda, ba miji, ba gwamnati, ba maƙwabcin da ya kawar da kai, to nishaɗi yake sayarwa. Sannan wanda aka zalunta, mutum ne da yunwarsa da wasansa da taurin kansa, ko nama ne da aka ajiye don a yanka a shafi na goma? Yaron labarin farko yana da fushi, yana da abin da yake tsoro, yana da yadda yake kallon mutane. Mutum ne. Daga nan sai a duba tsawon lokacin da alƙalami ya ɗauka a kan rauni: akwai nunawa don a sani, akwai lasa don a ji daɗi, kuma mai karatu mai hankali yana jin bambancin a jikinsa.

In kin auna sauran labaran tara da wannan ma'auni za ki ga mafi yawansu sun tsallake, kuma wasu cikinsu suna tsaye a kan abin da ya faru da gaske. Akwai wanda wata mai gabatar da ƙara ke binciken 'yan sandan da suka jefa samari cikin Riachuelo. A Satumba 2002 'yan sanda sun tilasta wa wani saurayi ɗan shekara 19, Ezequiel Demonty, ya faɗa wannan kogi, ya nitse, aka tsamo gawarsa bayan kwanaki, kotu ta ɗaure wasu cikinsu rai da rai. Kogin kansa majemu da mayankar dabbobi da masana'antu sun fi shekara ɗari suna zuba masa guba, har kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarnin a tsabtace shi a 2008, kuma talakawa ne ke zaune a bakinsa. Labarin ƙarshe, wanda littafin ya ɗauki sunansa, a kan matan da mazajensu ke cinna wa wuta ne. A Fabrairu 2010 wani makaɗin ganga na wata sananniyar ƙungiyar mawaƙa ya ƙone matarsa Wanda Taddei, ta rasu bayan kwanaki a asibiti, daga nan aka yi ta samun irin wannan kisa a ƙasar. Ranar 3 ga Yuni 2015 dubban ɗaruruwan mutane suka fito zanga-zangar Ni Una Menos kan kisan mata, littafin kuma ya fito da Sifaniyanci a 2016. Abin da matan labarin suka yanke shawarar yi ba zan faɗa miki ba. Zan dai ce ba mafita marubuciyar ke bayarwa ba, tana nuna inda tura ke kai mutum ne in ta kai bango, kuma 'yar jarida ce da ta daɗe tana aiki a jaridar Página/12, ta san waɗannan labarai tun suna rahoto.

Littafin yana da rauni, kuma gara ki sani. Mazajen aure da samarin da ke ciki kusan duk mutum ɗaya ne: mai sanyin zuciya, mai raina hankalin matarsa, mai cewa ta je ta ga likita. Dabarar tsayawa cak, in an kai labari na takwas ko na tara, mai karatu ya fara hango ta tun daga nesa, ƙarfinta ya ragu. Gajeru biyu, na matar da ta tsinci ƙoƙon kai da na saurayin da ya kulle kansa a ɗaki yana rayuwa a intanet, a ganina ba su kai sauran ba. Akwai kuma tuhumar da ta fi waɗannan nauyi: sau da yawa abin tsoron daga unguwar talakawa yake fitowa, mai kallo kuma 'yar boko ce mai albashi. A labarin farko marubuciyar ta ci nasara, don laifin ya juyo kan mai kallon. A labarin kogin kuwa ta matsa dab da iyaka, har akwai wurin da talakawan suka kusa zama dodanni. Ina ganin ba ta faɗa ba, amma wanda ya ce ta faɗa yana da hujjar da za a saurara. Ki karanta ki yanke naki hukuncin.

Sharuɗɗan biyu. Na ɗaya, labari guda a zama guda, kuma da rana. Gajeren labari an yi shi ne a shanye shi a zama ɗaya, a tashi da shi a zuci. Tarin labarai ba littafi mai babi-babi ba ne da za a yi ta bi don a ga ƙarshe. Kin karanta uku a jere, ɗacin wannan ya hau kan na wancan, shi ya sa kika ji kamar an danne ki. Ki ba kowanne kwana biyu ko uku, ki koma farkonsa bayan kin san ƙarshensa, za ki ga abubuwan da aka shuka tun shafin farko waɗanda tsoro ya hana ki gani. Na biyu, ki dubi halin da kike ciki. In kina cikin sabon rashi, ko kina da ciki, ko kin taɓa fama da cutar da kanki, ko akwai naki da ya ɓata ba a gan shi ba, ki mayar wa ƙawarki littafinta, ba abin kunya a ciki. Akwai cutar da kai a fili a wasu labaran. Na biyar kuma ya zayyana kisan ƙananan yara da wani Cayetano Santos Godino ya yi, wanda aka kama a 1912 yana ɗan shekara 16, ya mutu a kurkukun Ushuaia a 1944. Manufar labarin ita ce nuna yadda ake mayar da irin wannan ta'asa hajar yawon buɗe ido, amma uwa mai goyo tana iya tsallake shi ba ta yi asarar littafin ba. Haka nan akwai shaye-shaye da mu'amalar maza da mata da wasu halaye da suka saɓa wa tarbiyyarmu, an kawo su yadda suke a rayuwar mutanen can. Ba littafin da za a bari a falo yara su ɗauka ba ne.

In kin cika sharuɗɗan, ki gwada na huɗu, labarin wata yarinya mai hannu ɗaya da wani gida da aka toshe tagoginsa. A wurina shi ne mafi kyau a tarin, kuma a unguwar da marubuciyar ta tashi aka kafa shi. Ki karanta shi da abin da na faɗa miki game da ɓatattu a ranki, ki lura da abin da manya suka yi bayan abin ya faru, wa suka gaskata, wa suka ƙaryata. In shi ma bai ba ki komai ba sai tashin hankali, to littafin ba naki ba ne a yanzu, ki ajiye. In kuwa ya karɓe ki, tana da wani tarin da ya riga wannan fitowa, a 2009, wanda Megan McDowell, mai fassarar wannan ɗin, ta juya zuwa Turanci har ya shiga jerin shida na ƙarshe na kyautar adabi ta Booker ta duniya a 2021. Ki bar tazarar wata ɗaya ko biyu kafin ki ɗauke shi, kuma a ganina wannan da ke hannunki ya fi shi nuna.